Daga Inda Na Tsaya

Ƙarfe biyu da rabi wuta ta dawo Sabon Gari,
fanka ta farka, na'ura ta buɗe baƙin allonta.
Aikina yau magudanar ruwa ce
daga gindin duwatsun Birni zuwa tabki,
wadda damina uku ke nan ana alkawarinta.

Takardar Nomau na gefena, duk shatin gumi.
Shi ya yini a rana riƙe da sandar awo,
lambobinsa a karkace kamar sawun zabo.

Sa'ad da muke koyo, Madam Gaptiya ta ce
hanyar kafa ɗigo biyu ce.
Ta fari, kullum ka koma tushe,
can kusurwar ƙasa inda sifili ke zaune da sifili,
ka ƙirgo tun daga can, ko da kana Mirya.
Ta biyu, ka danna ƴar alamar nan
mai kama da dodon-koɗi ya naɗe cikin gidansa,
sai na'ura ta gane:
daga inda na tsaya nake magana.

Dodon-koɗi, sha biyu, waƙafi, sifili.
Layi ya miƙe gabas mita goma sha biyu.
Dodon-koɗi, sifili, waƙafi, a ɗebe huɗu.
Ya gangara kudu, ya ba dutse hanya,
don dutsen Birni ba ya matsa wa kowa.

Ashe na daɗe ina jin wannan harshe.
Tambayi gidan wani a Zango ka ji:
daga mai tsire ka yi hagu,
in ka ga darbejiya ƙirga ƙofa uku.
Haka babana Tsalha ya gina rabin unguwarmu,
igiya a wuya, turke a hannu,
kowane sabon turke daga ɗan'uwansa yake neman izini.

Ran Talata na mance da dodon-koɗi.
Layin ya yi tsalle ya bar unguwar ɗungum,
ya faɗa can kusurwa kamar akuya ta tsinke.
Na yi dariya, na janyo shi.
Kuskure mai ihu ba ya kwana.

Mai shiru shi ya ba ni tsoro.
A ɗigo na uku, bakwai ɗin Nomau
ta sunkuya, na karanta ta ɗaya.
Sha bakwai ta zama sha ɗaya.
Na huɗu ya yarda da na uku,
na biyar ya yarda da na huɗu,
ɗigo talatin da takwas, kowa da ladabinsa,
suna miƙa wa juna mita shida ɗin da suka ɓata.
Allo bai ce uffan ba.
Sai da na shimfiɗa zanen bisa taswirar filaye
na ga ruwan Agusta ya ratsa
ta tsakiyar ɗakin wata tsohuwa.

Na hau kabu-kabu da la'asar.
Na sami turken siminti da Nomau ya dasa,
wani yaro ya riƙe mini bakin tef,
na auna, na sake aunawa.
Sha bakwai.
Tsohuwar ta leƙo, sunanta Iya Delu,
ta miƙo mini ruwan randa a moɗa,
a garin da ruwa ke da tsada haka.
Ta ce, ƴan nan, bana dai za ku haƙa?
Ban gaya mata jiya na bi ta kan gadonta ba.

Na koma ofis, na kama ɗigo na huɗu
da duk zuri'ar da ke bayansa,
dodon-koɗi, shida, waƙafi, sifili.
Gaba ɗaya suka matsa gabas, ba gardama,
suka fita daga ɗakin Iya Delu
suka bi lungu.

Hadari na haɗuwa ta wajen Gure.
Na adana aikin, na sake adanawa.
Wuta ta ɗauke.